Gyaɗar Gonar Gawo

Shekarar da Baba ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya, ina da shekara ashirin da biyu, ban daɗe da aure ba. Saura shekara biyu a sami mulkin kai. Ana tsakiyar malka ne, ruwa yana yini yana zuba, ya hau ya gyara jinkar da ke yoyo, tsani ya zame da shi. Aka ɗauke shi a gadon kara daga ƙauyenmu na kusa da Karofi, mutum huɗu suna karɓa-karɓa, har Kurfi, wurin wani maɗori da ke maƙwabtaka da gwaggona.

Kafin a ɗaga gadon ya dubi ƙanensa, Baffa, ya ce, "Gandu yana hannun yaron nan." Ina tsaye a gefensa, bai dube ni ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, balle a yabe shi. Tun da na buɗe ido Baba bai taɓa kirana da wani abu ba sai "kai" ko "yaron nan".

Na ga fuskar Baffa ta canza. Ban ga laifinsa ba. Kowa a garin ya san halina. Ni ne mai rufe ƙofar garke in yi taku goma in dawo in taɓa sakata. Ni ne mai sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Shekara huɗu na yi a elementare ta Dutsin-Ma, kuma a can ma da hedimasta ya gane ni sai ya ba ni aikin awon ruwan sama: wata kwalba ce da mazurari a tsakar makaranta, kullum da safe in duba in rubuta. Sauran yara sukan leƙa su rubuta abin da suka ga dama. Ni sai na durƙusa, na duba sau uku, in na shiga aji kuma hankalina ya koma kan kwalbar. Da na dawo gida aka laƙa mini "ɗan boko", aka ce karatu ya ƙara mini zullumi.

Gero bai ba ni wahala ba. Ya nuna, muka sare, muka yanke kai, muka ɗaure dammuna, kowa yana yi ina yi. Dawa kuwa tana da sauran lokaci. Gyaɗa ce ta hana ni sukuni.

Gyaɗar gandunmu duk tana gona guda, wadda muke kira gonar gawo, saboda wani tsohon gawo da ke tsakiyarta. Da ita ake yi wa gida sutura, daga cikinta ake ware irin baɗi. Ƙasar gonar ja ce mai haɗin laka. Da damina tana da laushi, gyaɗa tana son ta. Amma in ruwa ya ɗauke ta yi kwana goma tana shan rana, sai ta ƙame kamar daɓen ɗaki. Ka ja gindin gyaɗa, ganye ya taho hannunka, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. In kuma ka yi gaggawa ka cire, ruwa mai ƙarfi ya sauka a kanta tana shanye, sai ta yi baƙi, ta yi fumfuna, wata ma ta tsira a cikin tarin. Tsakanin gaggawa da jinkiri 'yan kwanaki ne kawai, kuma ba wanda zai rubuto maka takarda ya ce wannan ruwan da aka yi jiya shi ne na ƙarshe.

Malka ta wuce, agazari ya shigo. Wanda bai yi noma ba bai san zafin nan ba: rana mai cizo, iska a tsaye, gumi ba ya bushewa. Da safe raɓa takan jiƙa wando har gwiwa. Ruwan da ke zuwa kullum ya koma sai bayan kwana huɗu, sai bayan kwana shida. Hadari yakan haɗu a gabas, ya yi ta cida kamar zai tsaga ƙasa, ya zo da iska ya watse. Yara suna gasa tumu a bakin gona, shamuwa sun fara taruwa a kan kukar bayan gari suna shirin tafiya. Ganyen gyaɗa ya fara ɗige-ɗigen baƙi, na ƙasa yana zubewa.

Kullum bayan asuba ina gonar. In soka tsinke a kuyya, wato tudun da galma ta tayar, in ga iya inda laima ta tsaya. In tuge gindi ɗaya, in fasa 'ya'yan in duba cikin ɓawon ko ya yi duhu. Wasu sun yi, wasu da saura. Sai in ɗaga kai in dubi sama har wuyana ya ƙage.

Matata ta ce, "Malam, in ka ci gaba da tuge gindi ɗaya kullum, ai ba sai an kira kowa ba. Kafin sallah ka cire ta kai kaɗai."

Na je wurin Baffa. Yana zaune a zaure yana tufkar igiya.

Na ce, "Baffa, ina ganin gyaɗar nan a cire ta."

Ya ce, "Kana gani, ko kana tsoro?"

"Ƙasa ta fara ƙarfi."

"Saura ruwa ɗaya. Kowace shekara akwai shi, ruwan cirar gyaɗa. Shi zai ƙarasa cika ta, ya tausasa maka ƙasa. Ka cire washegari kana waƙa."

"In bai zo ba fa?"

"In sama ta faɗo fa? Kai dai tun kana goye haka kake. Ni tawa ban ko leƙa ta ba."

Na fito ina jin maganarsa gaskiya ce. Kafin in kai gida na tuna gonar Baffa jigawa ce, yashi zalla, ko da rani ka sa hannu ka tono gyaɗa. Sai na rasa wanda zan bi.

Kwana biyu ina juya abin, abinci ba ya shiga. Rana ta uku na ari keken wani abokina na kama hanyar Kurfi. Na ɗaure 'ya'yan gyaɗa goma a gefen rawani, na yanko dunƙulen ƙasar gonar na sa a aljihu, don Baba ya gani da idonsa.

Na same shi kwance a ɗakin baƙi na gwaggo, ƙafa ɗaure da karare. Ya rame, amma idonsa garau. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi gero, ya tambayi jakinsa. Sannan na kwance gyaɗar na miƙa. Ya fasa ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya tauna biyu. Na ciro ƙasar.

Ya ce, "Wannan fa?"

"Ƙasar gonar ce, Baba. Ku ga yadda ta bushe."

Gwaggo da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, ɗanka ya kawo maka tsarabar hoge!"

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ce, "Ƙasar da ta yini a aljihu cikin ranar nan, ko daga bakin rijiya ka ɗebo ta ai ta bushe. Me za ta gaya mini?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baffa ya ce a jira. Ni kuma ina tsoro. Ku faɗi abin da za a yi."

"Ni nan rufin ɗaki nake gani. Kai ke ganin sama." Sai ya ce, "Gawo ya yi toho?"

Kwana ashirin ina zuwa gonar nan, ina duban ƙasa, ina duban sama, a gindinsa nake ajiye takalmina, amma ban taɓa duban rassansa ba. Kowa ya san gawo ba ya shiri da ruwan sama: duk damina yana tsaye tsirara kamar busasshe, sai sauran itatuwa sun fara kaɗe ganye shi kuma ya fara nasa. Na sani tun ina yaro. Ban dai taɓa ɗaukar sa abin aiki ba.

Baba ya ce, "Ba kowane gawo ba. Na fadama maƙaryata ne, suna da ruwa a ƙarƙashinsu. Wancan na gonar, kakanka ya bar shi da gangan. In ya fito da toho a rassan gabas, ni ban cika ƙara kwana bakwai ban cire gyaɗa ba."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "To shi ke nan, in ya yi toho sai a cire."

"Ban ce ba. Akwai shekarar da ya yi mini ƙarya, ruwa ya zo ya yini a kan gyaɗata. Ka dai duba shi. Gonar tana hannunka."

Haka na hau keke na dawo da nauyin da na je da shi, har da ƙari.

Washegari tun raɓa ba ta bushe ba ina gindin gawo. Daga ƙasa ban ga komai ba sai ƙaya. Na tuɓe riga na hau. Ƙayar gawo ba ta da mutunci, har yau akwai tabonta a damtsena. A reshe na biyu ta gabas na gan su: 'yan ƙananan toho, kore shar, ba su fi ƙwayar gero ba, jere a jikin reshen. Na sauko. Na yi taku kamar ashirin, sai na ce a raina ko dai gansakuka ce na gani? Na koma na sake hawa. Toho ne.

Ban bi ta gida ba, don na san in na zauna zan sake shawara. Na wuce kasuwa na sayi goro na kai wa sarkin noma, na ce ina neman gayya jibi a gonar gawo. A garinmu in goron gayya ya fita ba ya dawowa. Sarkin noma zai raba shi ga samari, a gaya wa mai ganga, kowa ya ajiye aikinsa na ranar. Wanda ya kira gayya ya soke, ba zai sake kira a amsa masa ba.

Sarkin noma ya juya goron a hannu ya ce, "Baffanka ya sani?"

"Zai sani yanzu."

Da na gaya wa Baffa ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ka je Kurfi, Yaya ya ce ka cire?"

Da na ce e, da magana ta ƙare. Amma ba haka aka yi ba, ni kuwa ƙarya takan tsaya mini a maƙogwaro. Na ce, "Bai ce ba. Ni na ce."

"Saboda itace."

"Saboda itace, da ƙasar."

Ya ce, "To. Allah ya sa gawon ya san yana da mabiyi."

Inna, mahaifiyata, ta ba da akuyarta ba tare da ta ce mini komai ba, ta dai gaya wa matata, "Ki ce wa wancan a yanka ta da wuri." Mata suka yini dakan furar sabon gero.

Ranar gayya mutum ya fi talatin. Baffa ne ya fara isowa, da galmarsa a kafaɗa. Mai ganga ya tsaya a gindin gawo, aka jeru, masu galma suna gaba suna tayar da kuyya, na baya suna tugewa suna kaɗe ƙasa suna kifar da ita, 'ya'ya sama ganye ƙasa. Ƙasar ta yi ƙarfi a sama, amma tana saki. Gindi yana fitowa da 'ya'yansa reto-reto, ba tsinkewa. Samari suna aiki suna tsokanata.

"Ɗan boko, a wane shafi aka rubuta yau?"

"Ku bar shi, ya yi shawara da gawo!"

"Me gawon ya ce, Malam? Da Turanci ya yi maka?"

Ina dariya, amma rabin idona yana gabas.

Bayan azahar, an ci tuwo an sha fura, saura kamar sulusin gona, sai gabas ta fara duhu. Kafin a gama kuyya biyu hadari ya taso baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama, yana cida ba ƙaƙƙautawa. Ganga ta yi shiru. Mutane suka miƙe suna dafe da ƙugu. Na dubi gonar: gyaɗar gidanmu ta shekara guda, kashi biyu cikin uku, tana kwance a fili ciki a sama.

Baffa ya matso kusa da ni, ya ce a hankali yadda ba wanda zai ji, "To, ga baƙonka nan. A tsaya, ko abin da ya rage a ƙasa ya tsira."

Sarkin noma ya ɗaga murya. "Mai gayya! A tsaya ko a ci gaba?"

Mutum talatin suna dubana, ni da ko hular da zan sa ranar Juma'a sai na yi shawara da matata. Sai iskar farko ta iso ta buge ni a fuska. Shekara huɗu ina gadin kwalbar makaranta, kwana ashirin ina shaƙar kowace iska a gonar nan, na san iskar da ke ɗauke da ruwa: tana da sanyi, tana da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan da ɗumi ta zo, ba ta da ƙamshin komai sai busasshen karan gero. Na sake shaƙa, don ni ba na yarda da sau ɗaya. Haka dai.

Na ce, "A ci gaba."

Muryata ba ta fita ba, sai da na maimaita. Baffa ya dube ni, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki galma. Shi ya fara sara. Mai ganga ya koma kiɗa.

Iska ta zo da ƙarfinta. Ta kifar da ƙoren fura, ta ɗauke hular sarkin noma ta kai ta gonar maƙwabci, ta tarwatsa layin da muka jera. Aka yi walƙiya, aka yi tsawa. Digo ya fara sauka, manya-manya, ɗai-ɗai, ina jin kowanne a bayana kamar jifa. Ban ɗaga kai ba, ina tugewa ina salati. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji wani ya ce, "Ya wuce!" Na duba, hadarin ya karkata ya yi yamma, rana ta fito ta ƙarƙashinsa. Ƙasa ko canza launi ba ta yi ba.

Wani saurayi ya je ya rungumi gawo, ya yi ihu ya sake shi saboda ƙayar da ta zuba a gindinsa. Kafin la'asar sakaliya an gama.

Ban huta ba. Kwana bakwai gyaɗa tana shanye, kwana bakwai ina kewaya ta ina juyawa, kowane gajimare ya gifta sai in tsaya in bi shi da ido. Ba a sake yin ko yayyafi ba a shekarar. Shamuwa suka tafi ba wanda ya ga tashinsu, raɓa ta ragu, safiya ta fara sanyi, gawo ya rufe da ganye. Muka buge gyaɗa, muka sheƙe, muka ɗaure harawa muka ɗora a kan rumfa tana kore, ko ɗigon baƙi babu.

Ba zan ɓoye ba, Baffa yana da tasa gaskiyar. Ta gefen kwari, inda aka yi shuka daga baya, ba ta gama cika ba. Ya ɗebo tafi guda ya murza a gabana, ƙwayar ta motse. Ya ce, "Da ka jira ruwa ɗaya, da wannan ta cika." Na ce haka ne. Shi kuwa tasa gyaɗar ya cire ta a yashi lafiya lau bayan mako biyu. Maƙwabcinmu na kudu, mai irin ƙasarmu, shi ya jira tare da Baffa. Na ga 'ya'yansa suna saran kuyya da gatari, suna jido ruwa a tulu suna zubawa gindi-gindi. Na je na taya su yini biyu.

Akwai tsofaffin mata a garin da ke bin gonaki bayan an cire gyaɗa, suna tonon wadda ta tsinke ta rage. Roro ake cewa, kuma hakkinsu ne, ba mai hana su. A gonar gawo sukan cika ƙwarya kowace shekara. Wata safiya na tarar da uku a ciki, ɗaya ta miƙe ta nuna mini ƙwaryarta, 'ya'ya ba su rufe gindinta ba.

Ta ce, "Kai jikan nan, wane irin mugun aiki ne wannan? Ko ɓera ka bar wa? Ubanka ma yakan bar mana na miya."

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Kafin in isa gida kuma daɗin ya koma damuwa: ashe na cinye rabon tsofaffi. Na kasa cin tuwo sai da na auna musu kwano bibbiyu na kai har gida. Matata ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya yi aiki da kyau ya biya tara ba sai ni.

Baba ya dawo ana yankan dawa, a kan jaki, da sanda. Ya kwana ɗaya, da safe ya ce a kai shi gonar gawo. Ni na ja jakin, Baffa yana biye. Ya sauka da ƙyar, ya dogara sanda ya bi kuyya guda tun daga farko. Yana tafe yana caka sandar, ƙasa tana ƙara kamar dutse. Ya tsaya ya ce a ba shi fartanya. Ya zauna a ƙasa, ƙafar a miƙe, ya yi ta tono, nan da can, ya kai tsawon gaba biyar. Ya sami 'ya'yan gyaɗa uku.

Ya juya su a tafinsa. Ya ɗaga kai ya dubi gawo, ya daɗe. Ni ina riƙe da igiyar jaki, ina jira ya tambayi ta gefen kwari wadda ba ta cika ba, har na shirya amsa.

Bai tambaya ba. Ya dubi Baffa ya ce, "Sau nawa ya hau?"

Baffa ya ce, "An ce sau biyu."

"Ni sau ɗaya nake hawa." Ya miƙo hannu, ba tare da ya dubi inda nake ba, ya zuba mini 'ya'yan nan uku a tafi. Ya ce wa Baffa, "Ƙafar nan ba za ta sake hawa itace ba. Baɗi ma a bar wa yaron nan."

Baffa ya ce, "Sai dai a tanadi man shafawa saboda ƙaya."

Na ɗora Baba a kan jaki muka kamo hanya. Muna gab da shiga gari na tuna ban tabbata na ɗauko fartanyar ba. Tana rataye a kafaɗata, na shafa na ji ta. Duk da haka sai da na waiwaya.